Masu Sauran Kwana: Tarihin Kula da Waɗanda Suka Tashi Daga Ciwon Daji a Ƙasashen Duniya

1.0 GABATARWA

Duk wanda ya buɗe littattafan tarihin likitanci ya nemi babin ciwon daji, wanda wasu ke kira sankara, galibi abin da zai tarar shi ne labarin likitoci da wuƙaƙensu da magungunansu: wane ne ya fara yanke kaza, a wace shekara aka gano maganin kaza. Labarin yakan tsaya ne a bakin ƙofar asibiti, ranar da aka sallami majinyaci. Manufar wannan takarda ita ce mu bi majinyacin nan har gida, mu ga wanda ya kula da shi bayan sallama, da lokacin da aka fara ɗaukar wannan kulawa a matsayin aiki mai zaman kansa.

Likitocin ciwon daji sun daɗe suna auna nasararsu da ma'auni guda, watau yawan mutanen da suke raye shekara 5 bayan an gano ciwon. Ma'auni ne mai amfani, amma ba ya tambaya ko mai ran yana iya magana, ko ɗaga hannu, ko komawa wajen sana'arsa, ko kuwa aurensa yana nan. Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne cewa waɗanda suka fara yin waɗannan tambayoyi, suka kuma fara amsa su, majinyatan ne da kansu da danginsu, da kayan aiki marasa tsada, sa'an nan asibitoci da gwamnatoci suka biyo sawu a makare. Wannan batu yana da muhimmanci gare mu, domin Hukumar Binciken Ciwon Daji ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum wajen miliyan 20 aka gano suna da ciwon, miliyan 9.7 suka rasu, sa'an nan akwai miliyan 53.5 da suke raye cikin shekaru biyar na farko bayan ganowa.

Kafin mu shiga, ya kamata mu daidaita kalmomi biyu. Inda muka ce "farfaɗowa", muna nufin duk aikin da ake yi don mayar wa mutum abin da ciwo ko magani ya raba shi da shi, ko murya ce, ko ƙarfin gaɓa, ko kwanciyar hankali. Mutanen da ake yi wa aikin kuwa mun kira su "masu sauran kwana", bisa ga abin da Bahaushe yakan faɗa game da wanda ya kuɓuta daga halaka. Mun guji cewa "waɗanda suka warke" da gangan, domin da yawa daga cikinsu ba a tabbatar da warkewarsu ba, wasu ma suna zaune da ciwon shekara da shekaru.

2.0 ABIN DA WUƘA TA BARI

Ranar 31 ga Disamba, 1873, a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, likitan fiɗa Theodor Billroth ya cire wa wani mutum maƙogwaronsa ɗungum saboda ciwon daji, abin da ba a taɓa yi ba kafin nan. Wanda aka cire wa maƙogwaro ba ya da murya, kuma ta wata ƙofa da aka huda a wuyansa yake numfashi. Mataimakin Billroth, Carl Gussenbauer, ya ƙera wa majinyacin wata 'yar na'ura da ta ba shi damar fitar da sauti. Mutumin bai cika shekara ba ciwon ya dawo ya kashe shi, amma abin lura a nan shi ne matsalar farfaɗowa ta bayyana ne a rana ɗaya da babbar tiyatar ciwon daji.

A Amurka kuma, a asibitin Johns Hopkins da ke Baltimo, William Halsted ya bayyana a 1894 sakamakon irin tasa tiyatar ciwon dajin nono. Yakan cire nonon, da tsokokin ƙirji da ke ƙarƙashinsa, da dukan kaluluwar hammata. Wannan hanya ta zama ita ce doka a yawancin ƙasashen duniya har wajen shekarun 1970. Ta hana ciwon sake tsirowa a wurin ga mata da yawa, amma takan bar ƙirji a rame, kafaɗa a sandare, kuma tun da an datse hanyoyin da ruwan jiki ke bi ya fita daga hannu, sai hannun ya kumbura, wani lokaci ya ninka ɗan'uwansa kauri. Halsted kansa ya san da wannan; a 1921 ya yi rubutu a kan kumburin, ya ba shi suna mai ma'anar tundurmin tiyata. Sai dai a ra'ayin likitocin wancan zamani, matar da aka ceci ranta ba ta da bakin kuka da hannu.

Haka abin yake ga waɗanda aka yanke wa hanji. Akan huda ciki a fito da bakin hanjin, ta nan bayan gida zai riƙa fita har iyakar rai. Abin da ake tarar ƙazantar da shi a wancan lokaci tsumma ne, ko wani gwangwani ko jakar roba da ake ɗaurewa da ɗamara, masu yoyo da wari. Mutane da yawa da aka rubuta su cikin waɗanda tiyata ta yi nasara a kansu sun ƙare kwanakinsu ne a ɗaki, ba sa shiga jama'a.

3.0 MAJINYATA SUN ƊAUKI NAUYIN KANSU

Shekarun 1950 su ne mafarin tarihin da muke bi, kuma a nan za mu ɗan dakata.

A 1952 wata mata mai suna Terese Lasser ta shiga asibitin Memorial da ke Niyu Yok don a yanki ɗan ƙullutu a nononta a duba. Bisa ga al'adar lokacin, idan an duba aka ga daji ne, nan take ake yin tiyatar Halsted ba tare da an tashi majinyaciya an shawarce ta ba. Lasser ta farka ta tarar babu nono. Ba wanda ya gaya mata yadda za ta motsa hannun, ko inda za ta sami abin da za ta cika rigarta da shi, ko abin da za ta faɗa wa mijinta da 'ya'yanta. Da ta murmure, sai ta ƙirƙiro wa kanta hanyoyin motsa kafaɗa, ta kuma fara shiga ɗakunan matan da aka yi wa irin aikinta, tana riƙe da 'yar jaka mai ɗauke da ƙwallon roba na matsawa, da igiya ta jan hannu sama, da nonon wucin gadi mai laushi, da ɗan littafin bayani. Takan je da ado, ta ɗaga hannunta sama a gabansu don su gani da idonsu. Likitoci da dama ba su so wannan ba, har akan fitar da ita daga asibiti a kan ta shiga sharo ba shanu. Shirin nata, mai suna Reach to Recovery, ya ci gaba da bazuwa duk da haka, sai a 1969, watau bayan shekara 17, Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Amurka ta karɓe shi ya zama nata, daga nan ya ƙetara zuwa wasu ƙasashe.

Waɗanda aka cire wa maƙogwaro su ma sun kafa ƙananan ƙungiyoyi a garuruwan Amurka, inda tsofaffin hannu ke koya wa sababbi dabarar magana ba da maƙogwaro ba: mutum ya tura iska cikin hanyar abinci, ya dawo da ita kamar gyatsa, ya sarrafa sautin da harshe da leɓɓa. Abu ne da ke ɗaukar watanni, kuma wanda ya iya shi ya fi kowa iya koyar da shi. A 1952 waɗannan ƙungiyoyi suka haɗu suka zama ƙungiya ɗaya ta ƙasa da ƙasa. Sai a 1980 Mark Singer da Eric Blom suka fito da ɗan bututun da ake dasawa tsakanin hanyar iska da hanyar abinci, wanda ya sauƙaƙa maganar ƙwarai.

Labari na uku daga Danmak ya fito. Wata ma'aikaciyar jinya, Elise Sørensen, tana da ƙanwa mai suna Thora wadda aka yanke wa hanji saboda ciwon daji, ta daina fita don tsoron yoyo a gaban mutane. A 1954 Elise ta yi tunanin jakar leda mai danƙo a baki, wadda za a manna a fata, a yar idan ta cika. Masu masana'antu ba su ga riba a ciki ba. Wani mai sana'ar leda, Aage Louis-Hansen, ya yarda ya gwada ne bayan matarsa Johanne, wadda ta yi karatun jinya, ta nuna masa amfanin abin. Daga nan kamfanin Coloplast ya samo asali a 1957. A Cleveland ta Amurka kuma, Norma Gill, wadda ita ma aka huda wa ciki saboda wani ciwon hanji daban, ta fara aiki tare da likita Rupert Turnbull a 1958 tana koya wa majinyata kula da ƙofar hanjinsu, a 1961 suka buɗe makarantar farko ta horar da masu wannan aiki.

Idan muka dubi mutanen nan, ba mai riƙe da kujerar farfesa a cikinsu. Majinyata ne, da 'yar'uwar majinyaciya, da matar ɗan kasuwa. Wanda ya kwana a ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

4.0 LIKITOCI SUN BIYO BAYA

Fannin farfaɗo da majinyata a matsayin reshen likitanci Yaƙin Duniya na Biyu ne ya raya shi, saboda ɗimbin sojojin da suka dawo da raunuka. Howard Rusk, wanda ya tsara wannan aiki a rundunar sojan sama ta Amurka, ya kafa cibiyarsa a Jami'ar Niyu Yok a 1948. Amma cibiyoyin irin wannan sun fi karkata ga masu shan inna, da shanyewar ɓarin jiki, da waɗanda suka rasa gaɓa. Mai ciwon daji ana ganin ɓata lokaci ne a koya masa tafiya, tun da ana zaton gobe zai mutu.

Wanda ya fi kowa ƙoƙarin kawar da wannan tunani shi ne J. Herbert Dietz na asibitin Memorial, asibitin nan da aka yi wa Lasser aiki. A rubuce-rubucensa daga 1969 zuwa littafinsa na 1981 ya nuna cewa farfaɗowa ba ta jiran warkewa. Akwai wadda ake yi tun kafin magani don rage illar da ake hange, akwai ta mayar da wanda ya warke yadda yake a da, akwai ta tallafa wa wanda nakasarsa ta zauna, akwai kuma ta wanda ajali ya gabato, don ya iya juyawa a gado ko zuwa bayi da kansa. Wannan rabe-rabe har yau da shi ake koyarwa. A 1978 Justus Lehmann da abokan aikinsa a Jami'ar Washinton suka binciki majinyata 805, suka tarar da yawansu suna da matsalolin da za a iya gyarawa, amma likitocinsu ba su lura ba, ko ba su san inda za su tura su ba.

Akwai wani shinge da ya kamata mu ambata a gefe. Ba a iya shirya wa mutum rayuwa bayan ciwon da aka ɓoye masa sunansa. Wani bincike da Donald Oken ya buga a 1961 ya nuna kusan kashi 90 cikin ɗari na likitocin da ya tambaya a Amurka ba sa gaya wa majinyaci cewa daji ne yake damunsa. Da aka maimaita tambayar a 1979, kashi 97 cikin ɗari suka ce suna faɗa. A Japan ɓoyewar ta daɗe fiye da haka. Sarki Hirohito ya rasu a 1989 ba a sanar da shi ciwonsa ba. Mu ma nan mun san yadda dangi kan ja likita gefe su roƙe shi kada ya faɗa wa mara lafiya.

5.0 DARASIN YARA

Yara ne suka tilasta wa likitoci duban nesa. Tun daga 1948, lokacin da Sidney Farber ya nuna a Boston cewa magani yana iya danne sankarar jini na ɗan lokaci, zuwa shekarun 1960 da Donald Pinkel ya haɗa magunguna da dama da gashin kai a asibitin St. Jude da ke Memphis, ciwon da a da ba ya barin yaro ya zama abin da ake warkewa. Amma yaron da aka warkar yana ɗan shekara 5 yana da sauran shekara 60 ko 70 a gaba, kuma a cikinsu ne bashin magani ke fitowa. Gashin kai da na'ura yakan rage kaifin ƙwaƙwalwa da tsawon jiki. Wasu magunguna sukan raunana zuciya. Wasu su hana haihuwa. Wasu su haifar da sabon daji bayan shekara 20. Giulio D'Angio da Anna Meadows na Filadalfiya suna cikin waɗanda suka fara bin diddigin waɗannan illoli tun a shekarun 1970, D'Angio kuwa ya shahara da nanata cewa warkarwa kaɗai ba ta wadatar ba.

Girman matsalar ya fito fili a 2006, cikin wani babban bincike da Kevin Oeffinger ya jagoranta a kan mutum 10,397 da suka yi ciwon daji suna yara tsakanin 1970 da 1986. Kashi 62 cikin ɗari suna da aƙalla ciwo ɗaya mai naci, fiye da kashi 27 kuma nasu mai tsanani ne ko mai barazana ga rai. Sakamakon irin wannan bibiya shi ne aka rage ƙarfin magani inda za a iya, aka kuma daina gasa kan yawancin yara masu sankarar jini. Mu da muke horar da malaman makaranta wannan ya shafe mu kai tsaye, domin yaron da ya dawo aji bayan shekara biyu yana jinya, ya zama mai jinkirin fahimta, malamin da bai san tarihinsa ba daƙiƙi zai kira shi.

6.0 SAMUN SUNA DA SHIGA DOKA

Fitzhugh Mullan likita ne ɗan shekara 32 lokacin da ya ga ƙari a hoton ƙirjinsa a 1975. Bayan ya sha tiyata da gashi da magani, ya rubuta wata maƙala a 1985 a mujallar likitoci ta New England, inda ya ce raba mutane gida biyu, warkakku da marasa warkewa, bai dace da abin da ya gani ba. A ganinsa zango uku ne: na jinya, na zaman ɗar-ɗar bayan an gama magani ana jiran ko ciwon zai dawo, da na dogon zama da abin da ya bari. A 1986 shi da wasu mutane kaɗan suka taru a Albuquerque suka kafa ƙungiyar masu sauran kwana ta ƙasa, suka kuma yanke cewa mutum yana shiga wannan sahu tun daga ranar da aka gano ciwonsa. A 1996 Cibiyar Ciwon Daji ta Amurka ta buɗe ofishi na musamman don wannan fanni, Anna Meadows ce shugabarsa ta farko. Yawan mutanen ma ya isa ya jawo hankali: daga wajen miliyan 3 a 1971 zuwa miliyan 18 a 2022 a Amurka kaɗai.

A 2005 Cibiyar Nazarin Likitanci ta Amurka ta fitar da rahoton da ya ce majinyata suna ɓacewa a tsakanin likitan daji da likitan unguwa, ta ba da shawarar a riƙa bai wa kowa takarda mai bayanin maganin da ya sha da abin da za a riƙa dubawa. Shawarar ta yi farin jini, har aka sa ta cikin sharuɗɗan amincewa da asibitoci. Amma da Eva Grunfeld ta gwada ta a Kanada a kan mata 408, sakamakon da ta buga a 2011 bai nuna wani bambanci ba tsakanin waɗanda aka bai wa takardar da waɗanda ba a ba su ba. A namu ra'ayi wannan bai zama abin mamaki ba. Lasser ma tana ba da ɗan littafi, amma da hannunta take miƙa shi, ta zauna a bakin gado.

Kowace ƙasa ta bi hanyar da tsarin kuɗinta ya shata mata. A Jamus, asusun fansho, wanda asalinsa dokar Bismarck ce ta 1889, shi ne babban mai biyan kuɗin farfaɗowa, bisa ga lissafin cewa gyara ma'aikaci ya fi arha a kan biyansa fanshon nakasa; don haka mai ciwon daji yana da haƙƙin zaman kimanin mako uku a asibitin farfaɗowa bayan ya gama magani. Japan ta yi dokar yaƙi da ciwon daji a 2006, a 2010 ta sa farfaɗo da masu ciwon cikin abin da inshorar lafiya ke biya. A Birtaniya ƙungiyoyin agaji ne a gaba, irin su Macmillan, wadda Douglas Macmillan ya kafa a 1911 bayan ciwon ya kashe mahaifinsa, da gidajen Maggie's, waɗanda Maggie Keswick Jencks ta tsara tana kan jinya, aka buɗe na farko a Edinbara a 1996, shekara guda bayan rasuwarta. Faransa kuwa ta lura da wata illa da ba ta jiki ba: bankuna da kamfanonin inshora suna hana wanda ya taɓa ciwon daji rancen sayen gida, ko su tsawwala masa. A 2016 ta yi dokar da ta ba mutum damar kada ya ambaci ciwon idan shekara 10 ta wuce da gama magani, a 2022 aka rage zuwa shekara 5. Beljiyam da Holan da Sifen da Italiya sun yi irin wannan doka.

Kafin mu bar ƙasashen Turai da Amurka, akwai wata koyarwa da aka kifar wadda ta cancanci ambato. Shekaru da dama ana gargaɗin matar da aka cire wa kaluluwar hammata kada ta ɗauki kaya mai nauyi da wannan hannu, mai shan magani kuma a ce ya kwanta ya huta. A 1996 Don McKenzie, likitan wasanni a Vancouver, ya tara mata 24 da suka yi dajin nono ya sa su tuƙin dogon kwalekwale irin na Sinawa, aikin da ke cin kafaɗa, ba kuwa wadda hannunta ya kumbura saboda haka. A 2009 Kathryn Schmitz ta nuna a kan mata 141 masu kumburin hannu cewa ɗaga ƙarfe sannu a hankali yana rage tashin kumburin. A 2025 kuma aka buga sakamakon wani gwaji da Kanada ta jagoranta a kan mutum 889 da suka gama maganin dajin hanji: waɗanda aka haɗa da mai horar da su motsa jiki na shekara uku, kashi 80 cikin ɗari suna raye ba ciwo bayan shekara 5, sauran kuwa kashi 74. Yawancinsu tafiya ce kawai suke yi da sauri, sau uku ko huɗu a mako.

7.0 INDA MASU SAURAN KWANA BA SU DA YAWA

Duk abin da muka kawo zuwa yanzu daga ƙasashe masu arziki ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a can fiye da kashi 80 cikin ɗari na yara masu ciwon daji suna warkewa, alhali a yawancin ƙasashe matalauta ba su kai kashi 30 ba. Wani bincike da aka buga a 2020 a kan mata masu dajin nono a ƙasashen Afirka biyar ya tarar rabinsu ne kawai ke raye bayan shekara uku. A Nijeriya kashi 36 ne cikin ɗari, mafi ƙanƙanta a cikin biyar ɗin. Dalilan sanannu ne: zuwa asibiti a makare, biyan kuɗin magani daga aljihu, da ƙarancin na'urorin gashi. Jamhuriyar Nijar sai a 2021 ta buɗe cibiyar gashi ta gwamnati ta farko a Yamai.

Saboda haka akwai masu cewa maganar farfaɗowa a wurinmu riga malam masallaci ce. A fara samun masu warkewa tukuna. Ba mu yarda da wannan ba, kuma tarihin da muka bi shi ne hujjarmu. Lasser da Sørensen sun yi aikinsu ne a lokacin da mafi yawan masu ciwon daji a ƙasashensu mutuwa suke yi. Daɗin daɗawa, inda ake zuwa a makare nan ne tiyata ta fi muni: nonon da a Turai za a yanki ƙullutu a bar shi, a nan cire shi ake yi duka har da kaluluwa, ƙafar da za a ceta a can a nan yanke ta ake yi. Ke nan buƙatar kowane majinyaci ɗaya ta fi girma a nan.

Akwai kuma misalai daga ƙasashe irin namu. Asibitin Tata Memorial da ke Mumbai ya buɗe sashen bibiyar yaran da suka gama magani tun a 1991. A jihar Kerala, ƙungiyar da M. R. Rajagopal da Suresh Kumar suka kafa a Calicut a 1993 ta horar da dubban 'yan sa kai na unguwa masu bin majinyata gida-gida, har gwamnatin jihar ta mayar da abin manufarta a 2008. A Yuganda, Anne Merriman ta kafa gidan kula da masu ciwon ajali a 1993, ta kawo ruwan mofin mai arha da ake haɗawa a ƙasar, a 2004 kuma doka ta ba ma'aikatan jinya masu horo izinin rubuta shi. A Ibadan, Betty Anyanwu-Akeredolu ta kafa ƙungiyar BRECAN a 1997 bayan ta tashi daga dajin nono, ta fito fili ta faɗi abin da ya same ta a lokacin da mata ke ɓoyewa. A 2023 Babban Taron Lafiya na Duniya ya zartar da ƙudurinsa na farko a kan farfaɗo da majinyata, Hukumar Lafiya kuma ta fitar da jerin ayyukan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada, har da kashi na musamman a kan ciwon daji.

Amma tambayoyin da majinyatanmu ke komawa gida da su ba duka ne ke cikin wancan jeri ba. Wanda aka huda wa ciki yana so ya san matsayin alwalarsa da tsayuwarsa a sahu, da inda zai sami jakar leda idan wadda aka ba shi ta ƙare. Matar da aka cire wa nono tana tunanin daka da ɗaukar ruwa da goyo, da kuma zamanta a tsakanin kishiyoyi da dangin miji. A kan wannan na ƙarshe muna da alƙaluma daga gida. A 2010 V. I. Odigie da abokan aikinsa suka buga binciken da suka yi a Zariya a kan matan aure 81 da aka cire wa nono. Wata shida bayan aikin, kusan kashi 68 cikin ɗari suka ce suna jin ba su cika mata ba. Bayan shekara uku, kashi 38 cikin ɗari aurensu ya mutu ko sun rabu da mazajensu. Matan da suka ba da wannan amsa suna raye a shekara ta uku, watau in an bi ma'aunin da muka fara da shi, saura shekara biyu a rubuta su cikin waɗanda aka yi nasara a kansu.